An Riga An Kama

Na taɓa raka wani abokina neman ɗakin haya. A keken guragu yake zirga-zirga tun bayan haɗarin mota da ya yi, amma yana da aikinsa, albashinsa na shiga kowane ƙarshen wata, kuma ban san ranar da wani ya biyo shi bashi ba. Da safe ya kira dillali a waya, aka ce masa ɗaki yana nan, a ƙasa yake ba hawa bene, ku zo ku gani da idonku. Da muka isa, mai gidan ya fito ya miƙo mini hannu, ni da na zo rakiya, ya tambaye ni ko ni ne mai neman ɗakin. Na nuna masa abokina. Idonsa ya sauka kan tayoyin keken, ya koma kan 'yar matattakalar bakin ƙofa mai hawa biyu, sai ya ja dillali gefe suka yi ƙus-ƙus. Dillalin ya dawo yana sosa ƙeya. "Malam, sai dai haƙuri, ashe an riga an kama. Jiya da daddare wani ya biya."

Bayan kwana tara na sa ƙanina ya kira lambar nan a matsayin mai nema. Aka ce masa ɗaki yana nan, ya zo ko yau.

Ba wanda ya zagi abokina ranar, ba wanda ya ɗaga masa murya. Har addu'a aka yi masa, Allah ya haɗa shi da mafi alheri. Haka wariya a harkar gida take zuwa galibi, da fara'a da ban haƙuri. Wanda aka yi wa ba ya ma iya rantsewa cewa an yi masa, sai dai ya koma yana zargin kansa da mummunan zato. Bazawara mai 'ya'ya uku ta san wannan jimla. Baƙo mai sunan da ya tona asalinsa ya san ta. Ɗan gudun hijira, da wanda ya fito daga gidan yari, da matar da aka tambaya "ina mijinki?" kafin a tambaye ta aikinta, duk sun san ta.

Ra'ayina shi ne, muhalli haƙƙi ne na ɗan Adam kamar yadda 'yancin faɗin albarkacin baki yake haƙƙi, kuma uzurin da gwamnatoci suka fi fakewa da shi, wato babu kuɗi, rabin maganar kawai yake rufewa. Ɗaya rabin, wanda ya fi shafar waɗanda aka tura gefe, ba ya buƙatar buhun siminti ko ɗaya.

Maganar ta daɗe a rubuce. Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, a sashe na 25, ta jera muhalli tare da abinci da sutura da kula da lafiya. A 1966 aka zo mayar da sanarwar yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe, sai yaƙin cacar baka ya raba ta gida biyu: ɗaya ta haƙƙin siyasa da 'yancin kai, ɗaya ta haƙƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Ta biyun ta fara aiki a 1976, sashenta na 11 ya ambaci muhalli mai inganci ƙarara, kuma ƙasashe sama da 170 sun amince da ita. Amurka ta sa hannu a 1977 zamanin Jimmy Carter, amma har yau majalisar dattawanta ba ta tabbatar da ita ba. Abin mamaki, shugaban wannan ƙasar ne, Franklin Roosevelt, ya tsaya a watan Janairun 1944 ya lissafa gida mai mutunci ga kowane iyali cikin haƙƙoƙin da yake son a tabbatar wa jama'arsa. Tun daga rabuwar nan ta 1966 ake ɗaukar haƙƙin muhalli kamar ɗan kishiya: ana kiran sunansa a taro, ba a ba shi gado.

Ni kuwa na kasa gane yadda za a raba su. Mutumin da ba shi da adireshi, a wace rumfa zai yi rajistar zaɓe? Ina za a kai masa sammacin kotu? Wace makaranta za ta karɓi ɗansa, wane banki zai buɗe masa asusu, wane mai ɗaukar aiki zai kira shi? Sirrin da doka ta ce ba a keta wa mutum, a bayan wace ƙofa zai ɓoye shi? Matar da mijinta ke duka, duk dokar da aka rubuta don kare ta ba ta da amfani idan ba ta da inda za ta kwana daren da ta gudu. Sauran haƙƙoƙin kusan duka a jikin bango huɗu aka rataye su.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa, idan ka ce gida haƙƙi ne, to wa za a kama idan mutum bai samu ba? Hana gwamnati ta kulle ɗan jarida ba ya cin ko sisi, amma gina wa miliyoyin mutane gida yana cin abin da baitulmali ba shi da shi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai tana ƙiyasta cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke zaune a unguwannin da ba tsari ba ruwa ba magudana. Wace gwamnati ce za ta share wannan a zango ɗaya?

Babu. Kuma yarjejeniyar ba ta ce a yi hakan ba. Ta ce kowace ƙasa ta riƙa matsawa gaba sannu a hankali gwargwadon iyakar ƙarfinta. Amma akwai abubuwan da ba ta yarda a ɗage su zuwa gobe ba, kuma a nan ne uzurin talauci ke faɗuwa. Na farko, haramcin nuna bambanci. Na biyu, kada hukuma da hannunta ta mayar da mai gida marar gida. Kwamitin da ke fassara yarjejeniyar ya yi bayani a 1997 kan tashin mutane da ƙarfi: a tattauna da su da gaske, a ba su wa'adi isasshe, kada a zo da dare ko cikin mummunan yanayi, a ba su damar zuwa kotu, kuma kada tashin ya bar su a titi. Duba jerin nan da kyau, wanne ne a ciki yake jiran kasafin kuɗi? Hasali ma katafila da man da take sha da 'yan sandan da ke rakiyarta su ne ke cin kuɗi. A 2005 gwamnatin Zimbabuwe ta ƙaddamar da rusau da ta kira Murambatsvina, ma'ana kawar da ƙazanta, kuma rahoton wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya, Anna Tibaijuka, ya ce kimanin mutum 700,000 ne suka rasa muhalli ko sana'a ko duka biyun. Ƙasar da ta ce ba ta da halin gina wa talaka, sai ga shi ta samu halin rushe wanda ya gina wa kansa.

Abin da ya fi damuna a yadda muke tattauna wannan batu shi ne ɗaukar unguwar talakawa tamkar wani abu da ya tsiro da kansa, kamar ciyawa bayan ruwa. Ruwa ba ya tsami banza. A wurare da yawa, da alƙalami da taswira aka zana inda kowa zai zauna.

A Amurka cikin shekarun 1930, wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwanni launi gwargwadon haɗarin ba da rance. Inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kusan ko da yaushe ja ake shafa masa. Bankuna suka guji wuraren da ake yi wa irin wannan kallo, gidaje suka lalace don ba rancen gyara, darajarsu ta faɗi, sannan aka dawo ana nuna lalacewar a matsayin shaidar cewa dama mutanen ba su iya riƙon gida ba. A lokaci guda, takardun sayar da gidaje a sababbin unguwanni suna ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a 1948 kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba. Dokar hana wariya a harkar gidaje ba ta samu wucewa ba sai 11 ga Afrilun 1968, mako guda cif bayan kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, birane suna ci da wuta. Ta hana bambanci saboda launin fata da addini da asalin ƙasa. A 1974 aka ƙara jinsi, a 1988 aka ƙara naƙasa da masu ƙananan yara. Amma iyalin da aka hana sayen gida a 1950 ba su da abin da za su bar wa jikokinsu a yau, kuma doka ba ta mayar da wannan.

A Afirka ta Kudu ma ba a ɓoye ba. Dokar rarraba unguwanni ta 1950 ta ba kowane launi yankinsa. A 1966 aka ayyana unguwar District Six da ke tsakiyar Kef Tawun a matsayin ta farar fata zalla, aka kwashe mutum sama da 60,000 aka watsa su can bayan gari, nesa da tashar jiragen ruwa da masana'antun da suke aiki. Mulkin wariya ya faɗi a 1994, amma tazarar tana nan, kuma ma'aikaci yana biyanta kullum da kuɗin mota da awannin barcinsa.

Wannan ne ya sa kwamitin da na ambata, a bayaninsa na 1991, ya ƙi yarda cewa rufi a kan kai ya wadatar. Ya sa wurin da gidan yake cikin sharuɗɗan inganci, tare da tabbacin ba za a tashe ka haka kawai ba, da ruwa da tsafta, da kuɗin da ba zai cinye abincin iyali ba, da sauƙin shiga ga mai naƙasa da tsoho. Gwamnatoci suna son ƙirga gidaje, don adadi yana da daɗin faɗa a gaban kyamara. Sai a gina dubu a dajin da ba makaranta ba asibiti ba motar haya, a yanka kintinkiri, bayan shekara biyu a ji mutanen sun sayar ko sun ba da haya sun koma tsohuwar unguwarsu. Sai a ce ba su da godiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da an tambaye su tun farko da sun faɗa.

To kotu fa? Nan zan ɗan tsaya, domin labarin Irene Grootboom ya hana ni yin saurin murna da kowane hukunci. Tana zaune ne a Wallacedene kusa da Kef Tawun, a matsugunin da ruwa ke mamayewa. Ita da wasu ɗaruruwa, fiye da rabinsu yara, suka gaji da jiran layin gidajen gwamnati suka koma wani fili mai zaman kansa. A 1999 aka tashe su, aka rushe bukkokinsu aka ƙona kayansu, ana dab da shiga sanyin hunturu, suka koma filin wasa suna fakewa da leda. Tsarin mulkin ƙasar na 1996, a sashe na 26, ya ba kowa haƙƙin samun muhalli, don haka suka kai ƙara. A watan Oktoban 2000 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa shirin gidajen gwamnati bai cika sharaɗi ba, tun da bai tanadi komai ba ga waɗanda ke cikin matsananciyar buƙata yanzu-yanzu. Hukuncin ya zagaya duniya, ana koyar da shi a tsangayoyin shari'a, kuma ya kai ga ƙasar ta fito da shirin muhallin gaggawa a 2004. Irene Grootboom ta rasu a 2008, tana cikin bukkarta a Wallacedene.

Wasu suna kawo wannan don su ce ka gani, haƙƙin takarda ne kawai. Ni ban karanta shi haka ba. Dubban iyalai da aka zo tayarwa daga baya sun tsaya a kan hukuncin da ke ɗauke da sunanta, alƙalai suka riƙa tambayar hukuma ina za ku kai su kafin su sa hannu. Abin da labarin ya nuna mini shi ne, alƙali yana iya tare katafila, amma ba ya iya ɗora bulo. A Indiya ma haka aka gani a 1985, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce haƙƙin rayuwa ya haɗa da hanyar neman abinci, a shari'ar masu kwana a gefen titunan Bombai, amma duk da haka ta bari a tashe su bayan damina ta wuce. A nahiyar Afirka, yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ba ta ambaci muhalli da suna ba, sai da hukumar da ke kula da ita ta ce a 2001 yana ƙunshe cikin haƙƙin dukiya da lafiya da kare iyali. Ƙarin yarjejeniyar Maputo ta 2003 kuwa ta faɗa a fili cewa mace tana da haƙƙin muhalli ko tana da aure ko ba ta da shi. Ina so a riƙa karanta wa dillalai wannan layin.

Mu koma kan mai gidan da ya juya abokina. Zai ce gidansa ne, da guminsa ya gina, yana da ikon zaɓen wanda zai zauna. Ina tare da shi har zuwa wani wuri. Yana da ikon tambayar ko mutum zai iya biya, ya nemi mai tsaya masa, ya ƙi wanda aka san shi da ɓarna, ya fitar da wanda ya ƙi biya ta hanyar da doka ta tsara. Ƙananan masu gidaje da yawa su ma da kuɗin hayar nan suke ci, kuma dokar da ta sa fitar da mai taurin bashi ya zama aikin shekaru tana sa su ƙara tsananta zaɓe tun daga bakin ƙofa. Haka ma ƙayyade kuɗin haya da ƙarfi ba tare da ƙara gini ba: idan mutum ashirin suna layin ɗaki ɗaya, mai gida zai zaɓi wanda ya yi kama da shi, kuma mun san wanda zai sha ƙasa. Amma daga ranar da ka fitar da ɗakinka kasuwa, ka shiga harkar jama'a. Mai kanti ba ya cewa ba ya sayar wa gurgu sabulu. Ƙin mutum ɗaya ƙaramin abu ne, amma idan masu gida dubu suka yi irin wannan ƙin a gari ɗaya, an zana jar taswira ba tare da an taɓa alƙalami ba.

Maganin wannan ƙarya mai ladabi shi ne abin da ni da ƙanina muka yi ba da saninmu ba. Ƙungiyoyi a Amurka sun daɗe suna tura mutum biyu masu albashi iri ɗaya da tarihi iri ɗaya, bambancinsu launi kawai ko naƙasa, su nemi gida ɗaya a rana ɗaya, a rubuta abin da aka gaya wa kowanne. A 1982 Kotun Ƙolin ƙasar ta yarda cewa mai gwajin da aka yi wa ƙaryar babu ɗaki yana da hurumin kai ƙara, ko da dama ba shiga zai yi ba. Wannan aiki ne na waya da littafin rubutu, kowace ƙasa tana iya yin sa. Yanzu ma da neman gida ya koma intanet, ana iya juya mutum tun kafin ya ga tallar. A 2019 ma'aikatar gidaje ta Amurka ta tuhumi Facebook da ba masu talla damar ɓoye tallan gidaje daga wasu rukunan mutane, kuma a 2022 kamfanin ya yi sulhu da gwamnati ya amince zai sauya tsarin.

Ɓangaren da ke cin kuɗi ma an ga inda aka yi shi. Birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya sa harajin gina gidaje a shekarun 1920, ya gina sama da 60,000 kafin 1934, kuma yau birnin yana da kusan 220,000 nasa na kansa, inda malamin makaranta da direba da mai shara suke hawa bene ɗaya. Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar a gidajenta suke, kuma tun 1989 take ƙayyade yawan kowace ƙabila a kowane gini don kada unguwa ta zama ta ƙabila ɗaya. Finlan ta juya tsarin a 2008: maimakon a ce wa mai kwana a titi ya daina shaye-shaye ya samu aiki sannan a ba shi ɗaki, sai a fara ba shi makulli, sauran su biyo baya. Marasa muhalli a ƙasar sun kai kusan 18,000 a 1987, yanzu ba su kai 5,000 ba.

Sai dai ko a waɗannan wuraren da ake yabo, akwai wanda aka bari a waje. Gidajen birnin Biyana ba su buɗe wa baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba sai a 2006. A Singafo, leburorin ƙasashen waje da ke gina benayen nan a ɗakunan kwana masu cunkoso suke zama, kuma da korona ta zo a 2020, mafi yawan waɗanda suka kamu a ƙasar daga cikinsu ne. Shi ya sa idan aka nuna mini sabon rukunin gidaje, ba na fara tambayar guda nawa ne. Ina neman takardar sharuɗɗa in ga wa ta cire: wanda ba shi da takardar albashi, wanda ba shi da shaidar zama ɗan gari, matar da ba ta da sa hannun miji, wanda ba zai iya hawa bene ba.

Abokina ya samu ɗaki bayan wata huɗu, a can ƙarshen gari. Mai gidan wata dattijuwa ce, ta dubi keken ta ce, "Ɗana, sai dai a zuba maka siminti a bakin ƙofar nan." Shi ya biya magini, rabin yini aka gama. Yanzu yana fita tun duhun asuba don ya isa wurin aiki a kan lokaci, domin ba kowace mota ce ke tsayawa ta ɗauki mai keke ba. Ɗakin farko kuwa, tafiyar minti goma ne daga ofishinsa.